Baƙin Man Baba

Sabon injin yankan ciyawar ya kwana a tsakiyar rumfa cikinsa a bushe, ko ɗigon mai babu, yadda ya fito daga kwali. Ja ne jawur, wuƙarsa ba ta taɓa lasar ciyawa ba, igiyar tayarwa kuma na nannaɗe ba wanda ya taɓa ja. Na Auta ne. Ita ta tara kuɗinsa, ita ta je ta zaɓo, ita ta kama da hannu biyu aka sauke shi daga mota. Jibi za ta fara aikin da ta daɗe tana bi, yankan ciyawar filin ƙwallon da ke bayan makaranta, aiki na farko da aka ba ta don ita, ba don tana ƙanwar wane ko 'yar wane ba. Abu ɗaya ya rage, a zuba wa injin baƙin mai. A wannan gida kuwa ba a zuba wa sabon inji mai sai da hannun Baba.

Baba ne ya kafa rumfar tun 'ya'yansa na rarrafe, a cikinta kuma suka tashi su uku, Yaya Babba da Dogo da Auta, suna wasa da noti da tsohon fulogi. Duk injin da zai shigo ya zama na gida, na yankan ciyawa ne ko na ban ruwa ko ƙaramin janareta, man farko daga shuɗin durom ɗin da ke kusurwa ake ɗebo masa. Mai ne lamba hamsin, irin na manyan motoci, mai kauri kamar zuma. Baba zai tsoma yatsa ya murza, ya ware yatsun a hankali har man ya ja zare, sannan ya nuna wa duk wanda ke kusa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Hujjarsa ɗaya ce tun fil azal, kuma ba ta banza ba ce: waɗannan ƙananan injuna ba ruwa ke sanyaya su ba, iska ce kawai, suna ɗaukar zafin da injin mota ba ya ɗauka, zafi kuwa tsinka mai yake yi. Saboda haka a ba su mai kauri tun farko. Dokarsa ma ɗaya ce: injin da bai sha mansa ba, ba ya zama a rumfarsa.

Rumfar kuwa ba inuwa ba ce kawai. Nan dutsen wasa wuƙa yake, nan sifanu ke rataye kowace a ƙusarta, nan masu neman a yi musu aiki ke zuwa su tsaya. Wanda aka fitar da injinsa daga rumfa an fitar da shi daga sana'ar gidan, ko da kuwa da yamma za a zauna a ci abinci da shi.

Auta ta san wannan sarai, shi ya sa ta wuni ba sukuni. Ta kuma san abin da ke cikin injin, domin Baban ne da kansa ya koya mata buɗe irinsa. Ba shi da famfon da zai tura mai. Wani ɗan ƙarfe ne kamar cokali a can ƙasa, yana dukan man yana fantsama shi sama. Tsohon injin da ya ci aiki gaɓoɓinsa suka yi sako-sako, mai kauri na rufa masa asiri, ya rage masa hayaƙi da ƙara. Sabo kuwa a matse yake. Ita kuma aikinta na sassafe ne, kafin 'yan ƙwallo su fito, lokacin da ƙarfe ke sanyi ƙalau. A wannan sanyin man Baba kwanciya yake yi a ƙasan inji kamar ba da shi ake ba, kafin ya yi ɗumi ya yarda ya tashi, ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. A jikin murfin injin ma an buga lambar da yake so: talatin idan ana zafi, goma-da-talatin, wanda ba ya kauri a sanyi, idan za a riƙa tayar da shi da sanyi. Na biyun ta sayo, ta tura galan ɗin ƙarƙashin gadonta kamar kayan sata.

Da la'asar Yaya Babba ya ga tana zagaya injin tana cizon leɓe, sai ya yafito ta zuwa bayan rumfa, inda ake jibge matattun injuna. Dogo na can zaune a kan tsohuwar taya. Yaya Babba mutum ne da bai ƙi a yi shekara ana kewaya magana ba, in dai ba za a ɗaga murya ba. Ya matso ya ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan ciwo an daɗe da samo maganinsa. Gobe ta bar Baba ya zuba mansa, ta durƙusa ta yi godiya, ta ce za ta kai injin fili ta gwada. Da ta sha kwana sai ta kwance notin ƙasa, ta juye man tas a roba tun ba a tayar ba, ta zuba nata. Tsoho ya ji daɗi, inji ya tsira, kowa ya huta.

"Kai haka ka yi, Yaya?" ta tambaya.

"Ni da shi duka." Ya nuna Dogo da haɓa. "Tun injina na farko."

Ta tambayi inda suke kai man da suka juye. Dogo ya kece da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce ai mai ne mai kyau, ba a zubar da shi, idan Baba ya shiga ƙailula sai a lallaɓa a mayar masa cikin durom ɗinsa. Shi ya sa durom ɗin ba ya ja da baya yadda ya kamata, shi ya sa tsohon ke gaya wa abokansa cewa mansa na da albarka.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta tuna sau nawa ta ga Baba ya tsayar da baƙo a bakin rumfa yana nuna masa injunan 'ya'yansa, yana cewa a duba, shekara da shekaru ba a buɗe ko ɗaya ba, su kuwa waɗannan biyun na tsaye a bayansa suna gyaɗa kai. Kunya ta kama ta, ba tata ba, ta mahaifinta. Bayan kunyar sai fushi, irin wanda ke sa kunne ya yi zafi.

"Kun mayar da shi abin dariya," ta ce.

"Mun girmama shi dai," in ji Yaya Babba. "Ke yarinya ce, ba ki san yadda ake zama da babba ba tukuna."

Ta wuce kicin wajen Inna tana zaton za ta kai ƙara, ashe gidan mai laifin ta shiga. Inna na yanka albasa, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce robar da ake juyen ma tata ce, tsohuwar robar wankinta. Sannan ta ajiye wuƙar ta yi magana a tsanake. Mahaifinsu ya tsufa, idonsa ya rage, hannunsa ya fara rawa, masu kawo aiki sun fara tsallake shi suna tambayar ina yaran. Wannan zuba man shi ne ɗan abin da ya rage masa yana ji har yanzu da shi ake yi. Me za ta rasa idan ta bar masa?

Maganar ta shige ta, domin gaskiya ce, kuma tana son tsohon nan so mai tsanani. Ta jingina da ƙofa. Ta gwada a ranta: ga ta a durƙushe tana cewa ta gode, ga shi yana sa mata albarka, ga ta a bayan kwana da robar wanki. Nan zuciyarta ta ƙi, ta ƙi ƙememe.

"Inna, ba zan durƙusa in gode masa a kan abin da zan je in juye ba."

"To sai ki nemi inda za ki ajiye injinki."

"Zan nema."

Inna ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka, ta ce wannan taurin kai dai ba a wajenta aka ɗauko shi ba.

Washegari da hantsi Baba ya fito da wankakkiyar riga, abin da ba ya yi sai ranar zuba mai. Ya wanke mazurari da fetur ya shanya, ya kawo gwangwanin awo, ya sa Dogo ya share tsakiyar rumfa. Fuskarsa fes, har yana zolayar Auta cewa ta zaɓo ja don a hango ta daga nesa. Yaya Babba ya harare ta ta gefen ido, hararar da ke nufin ki yi abin da na ce. Inna ta tsaya a ƙofar da ta haɗa gida da rumfa tana goge hannu da zani. Baba ya cika gwangwanin daga durom, ya tako a hankali kada ya zube, ya ce ta buɗe masa murfin.

Maimakon haka ta koma ciki ta fito da galan ɗinta, ta dire shi a gefen injin.

"Baba, ka yi haƙuri. Wannan zan zuba."

Ya dubi galan ɗin, ya dube ta. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye gwangwanin, ya buɗe galan ɗin, ya ɗiga man a yatsa ya murza, ya ware. Ba zare. Ya yi murmushin tausayi ya ce an cuce ta, ruwa aka sayar mata, wannan kafin rana ta take ya tsinke ya bar injin tsirara. Ta ce ba a cuce ta ba, da idonta a buɗe ta saya. Ta yi masa bayanin sanyin safiya da matsin sabon inji da ɗan cokalin da ke fantsama mai, ba ta tsallake komai ba. Ta ce mansa daidai ne ga tsohon injinsa, ko gobe aka ce ta yi wa wancan juye shi za ta zuba. Amma wannan ba wancan ba ne.

"Wa ya koya miki cokalin?" ya tambaya.

"Kai."

"To yau kuma ke za ki koya mini mai?"

Ya juya ya miƙa hannu wajen injunan yayyenta da ke jere jikin bango. Ya ce ba ya jayayya da baki, ga shaidu nan a tsaye. Waɗannan ma sababbi suka zo, a matse suka zo, su ma da sassafe ake fita da su, wanne ne ya taɓa kwanciya? Ya dubi 'ya'yansa maza ya ce, "Ko ba man durom ɗin nan ne a cikinsu ba?"

"Shi ne, Baba," in ji Yaya Babba. Dogo ya gyaɗa kai yana kallon tsintsiyar hannunsa.

"Kin ji ko?"

Auta ta dubi yayyenta. Ba ta yi niyyar tona kowa ba, yaƙinta a kan injinta ne kawai. Amma an kawo ta inda kalma ɗaya, ko da "e" ce, za ta shigar da ita sahunsu.

"Na ji abin da suka ce," ta amsa.

Idon Baba ya rage, amma kunnensa garau yake. Ya kafe ta da ido, ita kuma ba ta sunkuyar da kai ba. Daga nan ya taka zuwa injin Yaya Babba, ya durƙusa da ƙyar yana dafa gwiwa, ya zaro sandar awon mai, ya shafa a yatsa ya murza, ya ware, ba zare. Ya mayar. Ya matsa na Dogo ya yi haka. Ya bi na ban ruwa, ya bi janareta, bai bar ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya iya cewa ya bari. Rumfar ta yi tsit, sai ƙarar sandar idan ta koma mazauninta. Da ya gama ya miƙe ya goge yatsunsa a jikin wankakkiyar rigar, ga tsumma kuwa a rataye kusa da shi.

Ya tambayi Yaya Babba tun yaushe, aka gaya masa. Ya tambayi inda man nasa ke zuwa. Ba wanda ya amsa, sai dai Dogo, wanda idonsa bai taɓa iya riƙe sirri ba, ya saci kallon durom. Baba ya bi kallon. Ya yi wata 'yar gajeruwar dariya ta hanci, wadda ta fi kuka ciwo, sannan ya waiwayi ƙofar gida. Inna ta riga ta shige.

"Hankalinki ya kwanta?" Yaya Babba ya ce da Auta, haƙoransa a cije. "Kin ga abin da kika yi masa?"

"Ni ban taɓa juye masa mai ba," ta ce. "Kar ka ɗora mini kayanka, Yaya."

Baba ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya jawo benci ya zauna, ya daɗe yana kallon gwangwanin da ya cika. Auta ta ji kamar ta ruga ta riƙe ƙafarsa don tausayi, amma ta tsaya inda take, domin ta san in ta durƙusa yanzu ba za ta tashi da maganarta ba. Da ya buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa ya yi hukunci. Injunan maza za su zauna. Abin da ya faɗa shi ne injin da bai sha mansa ba, waɗannan kuwa sun sha, ko da sun amayar a bayan kwana. Shi ba ya sauya magana don an yi masa wayo. Yaya Babba ya sauke ajiyar zuciya, sai kuma ya rasa inda zai sa idonsa.

Sannan Baba ya dubi Auta. Ya ce hanya a buɗe take, yanzu ba sauran ɓoye-ɓoye. Ta bari ya zuba, in ta ga dama ta juye a gabansa, ga roba can a wajen uwarta. Injin ya zauna, ita ma ta zauna.

Ko Dogo sai da ya ɗago kai yana roƙonta da ido. Wannan ai sauƙi ne ya zo har gida, tsoho da kansa ya sassauto.

"Baba, in ka zuba ba zan juye ba," ta ce. "Zan bar shi ya yi aiki da shi har ya lalace a hannuna. Shi ya sa ba zan bari ka zuba ba."

"To fita da shi."

"Zan fita. Bari in ba shi mai tukuna, ba na tura shi a bushe."

A nan tsakiyar rumfar, a gaban durom ɗin, ta ɗauki mazurarin da ya wanke da hannunsa, ta buɗe murfi ta fara tsiyaya nata. Man na sauka siriri, Yaya Babba na cewa wannan rashin kunya ce, ita ko waiwaye. Baba na zaune yana kallon bango kamar ba ya gani. Can sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ya isa haka. Auna, kar ki wuce layi." Ta tsaya ta zura sandar ta zaro. Man na daidai kan layi.

Ta rufe, ta ɗora galan ɗin a kan injin, ta kama mariƙin injin ta tura. Mai gadin filin ya taɓa ce mata akwai wuri a ɗakin da ake ajiye raga da tutoci, can za ta kai shi. Wasa wuƙa kuwa sai ta nemi inda za ta riƙa yi, sifana ma sai ta sayi tata. Yayyenta suka dare suka ba ta hanya. A bakin rumfa akwai ɗan tudun siminti da Baba ya yi don kada ruwan sama ya shigo, tayoyin gaba suka cije a nan. Tana ƙoƙarin ɗagawa ta ji an kama ɗaya gefen. Tare suka tsallakar da shi, ita da tsohon, suka dire a kan titi.

Ya tsaya yana haki kaɗan, hannunsa ɗaya a kan jan murfin.

"Ruwa kika zuba masa," ya ce. "Ba zai kai baɗi ba."

"Zai kai, Baba."

"Ranar da ya fara hayaƙi, ki zo ki faɗa mini da bakinki. Kar in ji a wajen wani."

"Ko bai yi ba zan zo in faɗa maka."

Ya ɗauke hannunsa daga kan injin, ya dube ta tun daga sama har ƙasa, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ke dai na san za ki faɗa," ya ce.

Ya koma ciki wajen waɗanda suka zauna. Ita kuma ta gyara riƙo, ta tura injinta ta nufi fili.